Rumfar da Muka Ƙi Bari a Bakin Dam

Aikin da na yi wa gwamnati shi ne allurar dabbobi. Tun ina saurayi nake bin rugage tsakanin Batsari da Safana a kan babur, da akwatin magani ɗaure a baya, har furfura ta kama ni. Likita mutane ke ce mini, ko da yake ban taɓa zama ajin likitoci ba. Da farko nakan gyara musu, daga baya na gaji na bari.

A shekarar da aka yi ta maganar murar tsuntsaye, aka tara mu a ofis aka ce kowa ya riƙa leƙa wuraren da tsuntsayen ruwa ke sauka a yankinsa, in ya ga matattu ya kawo labari. Ni aka ba ni wani dam da ke can ciki, in ka saki titi ka bi burtalin shanu yamma. Ruwa ne da aka datse da ƙasa tun ina yaro. Gabas da shi gonakin noman rani ne, tumatir da albasa da tattasai. Yamma da shi bado ne da ciyawa, daga nan sai duwatsu, sai daji. Aka miƙo mini madubin hangen nesa cikin wata jakar fata da ta sha jiki, aka ce in kula da shi, kayan gwamnati ne.

Na tafi ina gunaguni, don a ganina an mai da ni mai gadin agwagi. Ina kafe babur sai na ji murya daga sama.

"Likita, yau kuma kifi za ka yi wa allura?"

Baffa ne, wani dattijon Bafulatani da na jima ina yi wa shanunsa rigakafi. Rugarsu tana kusa da dam ɗin, kuma su ba masu tashi ba ne. A nan aka haifi mahaifinsa, suna kiwo, suna noman gero da 'yar shinkafa a fadama. Ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce masa Baffa kamar yadda 'ya'yan ƙannensa ke ce masa. Yana zaune a kan wata rumfa mai tsawo da ya kafa a kan dirkokin marke, da tsani a jingine. Don korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafarsa ya yi ta. An girbe shinkafa tun tuni, shi kuwa bai daina hawa ba.

Na hau muka gaisa. Na tambayi iyali da shanu da sanyi, ya tambayi gari da aiki da yara, sannan na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce shi bai ga matacce ko guda ba, lafiyarsu lau, sun ma fi mutanen ofis ɗinmu lafiya. Ya karɓi madubin ya kafa ido ta gefen da ba shi ba.

"Wanga abu maƙaryaci ne," ya ce. "Ya kai shanuna Zamfara."

Na juya masa shi. Ya kafa ido, ya daɗe har na fara tunanin ko wani abu ya same shi. Wata dinya, babbar agwagwar daji, yake kallo a tsakiyar ruwa. Can ya ce a hankali, "Ashe haka idonta yake. Tun ina yaro nake ganinta, yau ne muka haɗa ido."

Da ya miƙo mini, ya nuna wasu ƙananan agwagi masu launin ƙasa da ke kiwo cikin bado. Ya ce waɗancan baƙi ne, ba 'yan nan ba ne, da sanyi suke zuwa, zafi na kamawa su tafi. Na duba. A saman idon wasunsu akwai farin layi kamar an ja da alli, ruwa yana gangarowa a bayansu ɗigo-ɗigo. Ban san lokacin da rana ta yi tsaka ba.

Da maganar mura ta lafa na mayar wa ofis da kayansa. Mako bai zagayo ba na hau mota zuwa Katsina, na bi masu sayar da kayan gwanjo har na samo nawa. Gilashin hagu yana da ɗan tabo, amma yana gani.

Daga nan kowace Asabar da safe ina bakin dam. Maiɗakina takan ce maza suna majalisa a wurin mai shayi, nata kuwa da agwagi yake tasa. Baffa yana kawo kindirmo a ƙwarya, ni ina kawo goro da burodi. Muka faɗaɗa rumfar, muka tare gabanta da zana, muka bar tsaga daidai ido don kada tsuntsayen su gan mu. Madubi ɗaya ne, mutum biyu, don haka rigima ba ta ƙarewa. Shi in ya karɓa ba ya miƙowa sai an yi masa magana.

Sannu a hankali na gane shekarar dam ɗin. Zalɓe yana nan kullum, tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran a kira shi. Balbela tana bin shanu. Da an kammala kaka, sanyi ya fara shigowa, sai ƙananan agwagin nan su sauka, tare da wasu 'yan mitsi-mitsi masu dogayen ƙafafu da ke gudu a kan laka. Ba mu san sunansu ba, Baffa ya raɗa musu 'yan gaggawa. In bazara ta matso sai ka ga baƙin sun yi ƙiba, sun kasa zama wuri ɗaya, suna tashi suna zagaya ruwa suna dawowa. Wata Asabar ka zo, babu su. Sai mu juya ido kudu muna jiran shamuwa, wadda in ta sauka a kan tsamiyar bakin burtali kowa ya san ya ɗauko fartanya.

Musunmu na kullum shi ne inda agwagin ke zuwa. Ni na ce ƙasashen Turawa, haka aka gaya mana a ofis. Shi ya ce, "Ka je ka gan su can?" Wata rana komar wani masunci ta kama guda, da zoben ƙarfe a ƙafarta, da rubutun boko ƙanana a jiki. Na ce masa wasu mutane ne can nesa suka saka mata, don su san hanyar da take bi. Ya juya ƙafar, ya sake juyawa.

"To ashe can ma akwai marasa aikin yi irinmu," ya ce.

Ya roƙi masuncin ya sake ta, ya ba shi kindirmonmu na ranar. Da gayan burodi muka karya.

Sai abin da ya sami ƙasarmu ya same ta. Ya fara da satar shanu, ya koma tare hanya, ya koma ɗaukar mutane daga gonakinsu. Muka wayi gari muna ganin mutanen ƙauyuka suna shigowa Batsari da tabarmi a ka, da yara a goye, suna kwana a makarantu da zaurukan dangi. Matasa suka ɗauki bindigogin toka suka ce su 'yan sa-kai ne, za su tsare gari. Mutanen da suka yi shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya suka fara kallon juna ta wutsiyar ido.

Baffa ya sha ta fuska biyu. Da rana tsaka 'yan bindiga suka kora garkensa zuwa daji, suka fasa wa babban ɗansa kai, suka bar masa 'yan tsofaffin shanu da ba sa iya gudu. Ranar kasuwa kuma da ya shigo gari, mutanen da suka san shi tun suna yara suka kau da kai, matan gidansa suka koma da nononsu ba wanda ya taya. 'Ya'yansa suka tattara mata da yara da abin da ya rage, suka yi kudu wurin dangi. Shi ya ce ba inda za shi. Kabarin mahaifinsa yana bayan rugar, kuma bai saci kazar kowa ba balle ya gudu. Ya zauna shi da tsohuwar matarsa.

Masu noman rani suka cire injinansu. Masunta suka daina zuwa. Ofis ya daina tura mu rugage, ba da jimawa ba ma lokacin ritayata ya yi. Amma Asabar ban fasa ba.

Maiɗakina ta yi magana har ta gaji, sai ta kai ƙarata wurin yayana. Shi ya gaji mahaifinmu a makarantar Islamiyya ta unguwarmu, kuma maganarsa ba a cika mayar da ita a gidanmu ba. Ya kira ni zaure bayan la'asar.

"Jefa kai ga halaka ba jarunta ba ce," ya ce. "Kana da iyali. Tsuntsu ne fa."

"Allah gafarta Malam," na ce, don haka nake ce masa in magana ta yi nauyi, "sun raba ni da gonar da mahaifinmu ya bar mana, na haƙura. An yi rasuwa a Yasore ban je ta'aziyya ba, na haƙura. Yanzu kallon ruwa ma sai na nemi izininsu? Kuma ranar da na daina zuwa, Baffa zai ɗauka ni ma na sa shi cikin ɓarayi."

Ya ce tun ina yaro kaina ke da tauri. Ya yi mini addu'a, amma fuskarsa ba ta saki ba.

Wata Asabar 'yan sa-kai suka tare ni a bakin gari. Duk na san iyayensu. Suka buɗe jakata, shugabansu ya zaro madubin ya ɗaga shi sama.

"Wa kake leƙa wa da wannan?"

"Agwagi," na ce.

Ba wanda ya yi dariya. Wani ya ce infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, wani ya ce ai wurin Bafulatani yake zuwa. Suka tasa ni gaba har ƙofar maigari, jama'a na biye. Na tuɓe takalmi na durƙusa na yi gaisuwa, maigari ya ce in faɗi gaskiya.

"Ranka ya daɗe, gaskiyar ba ta da tsawo. Akwai tsuntsaye da ke zuwa dam da sanyi, ina zuwa kallonsu tun kafin wasu yaran nan su yi gemu. Mutumin da nake zama da shi kuma an kwashe masa shanu kamar yadda aka kwashe na mutanen garin nan. In zama da shi laifi ne, a rubuta mini laifin, don gobe ma in Allah ya kai mu zan zauna da shi."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Maigari ya ɗaga hannu, ya karɓi madubin, ya leƙa tattabarun da ke kan rufin masallaci. Ya sauke, ya miƙo mini.

"Likita, ba ni da ikon hana ka. Amma ka sani ba ni da ikon kare ka."

A waje shugaban 'yan sa-kan ya biyo ni. Ya ce a kan wannan burtalin aka kashe ƙanensa yana dawowa daga gona. Na yi masa ta'aziyya, ban kuma ƙullace shi ba. Amma na hau babur na yi yamma.

Abin da ya fi ba ni haushi a shekarun nan shi ne dam ɗin bai taɓa yin kyau irin na lokacin ba. Babu ƙarar inji, babu koma, babu mai harbi da danƙo. Tsuntsaye suka cika shi har bakin gonakin da aka bari. Wata safiya muka ga gauraka biyu suna takawa cikin ciyawa da rawaninsu a ka, Baffa ya ce rabonsa da su tun yana bin maruƙa. Na kalle su, na tuna masu albasar da ke zaune a gari ba aikin yi, na rasa ko murna zan yi.

Ranar da muka haɗu da 'yan bindiga, sanyi ya fara ja da baya, agwagin sun fara zagayen tafiya. Tsuntsayen ne suka fara sani. Gaba ɗaya suka tashi, sararin ya yi duhu da fukafukai, sannan muka ji ƙarar babura daga wajen duwatsu. Na miƙe zan sauka. Baffa ya riƙe mini riga.

"Zauna. In ka yi gudu harbi za su yi."

Suka iso suka kewaye rumfar, bindigogi a kafaɗa, fuskoki a naɗe. Babbansu ya ce mu sauko. Na sauko. Baffa ya ce gwiwarsa ba ta son gaggawa, ya ninke buzunsa, ya ɗauki ƙwaryarsa, ya sauko a tsanake kamar mai zuwa masallaci.

Babban ya fizge madubin daga wuyana. "Soja suka aiko ku?"

Na ce tsuntsaye muke kallo. Ya sa gindin bindiga ya buga mini a kafaɗa, na faɗi a kan gwiwa. Har yau in gari ya yi sanyi wurin yana tuna mini.

Baffa bai dubi babban ba. Ya juya ga wani dogo da ke tsaye a gefe, ya yi masa magana da Fillanci. Aiki ya sa ina jin kaɗan. Ce masa ya yi ya gane tsayuwarsa, irin ta mahaifinsa ce, kuma uwarsa da cikinsa ta riƙa ɗiban ruwan nan. Ya tambaye shi ko tana nan da rai. Dogon ya juya mana baya, ya kama gyaran wani abu a jikin baburinsa.

Babban ya leƙa madubin, ya nufi hanya da shi, ya yi murmushi, ya rataya a wuyansa. Wannan ya fi dukan ciwo. Abin da muka yi shekaru muna kallon idon dinya da shi, yanzu da shi za a riƙa leƙen masu wucewa. Suka tsiyayi fetur daga baburina suka watsa wa zana, suka ƙyasta ashana. Ɗayansu ya hau baburin.

"In muka sake ganinku a nan," in ji babban, "tare da ku za mu ƙona."

"Ruwan naku ne?" Baffa ya tambaye shi.

Na runtse ido. Amma sai na ji ƙarar babura tana nisa. Ko dogon ne ya ce wani abu, ko dai sauran kwana ne, ban sani ba.

Muka zauna a kan tudun dam muna kallon rumfar har ta rufta. Da wutar ta mutu, Baffa ya je ya tona toka da sanda, ya duba dirkokin, ya dawo.

"Biyu ba su ci ba," ya ce. "Ka zo da gatari."

Da ƙafa na fita titi, wata bas mai zuwa Batsari ta ɗauke ni. Maiɗakina ba ta yi faɗa ba. Ta dafa ruwa ta gasa mini kafaɗa, hawayenta na zuba a kan hannunta. Ni kuwa tsoron da ban ji sosai a bakin dam ba, a gida ya same ni. Babur ya wuce ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Asabar ta zo ta wuce ina kwance, wata ma ta wuce. A gari ana cewa ai an gaya masa.

Sai wata Asabar bayan an fito sallar asuba, gari ya yi haske, na ji sallama. Yayana ne a kan baburinsa, da gatari ɗaure a baya, da igiya.

"Ra'ayina bai canja ba," ya ce. "Har yanzu ina ganin wauta ce. Amma na kwana biyu ina jin mutane suna cewa an yi maganinka, kamar kai ne ka ƙona rumfar tsoho. Wannan ban yarda da shi ba. Hau mu je."

Na shiga ciki ɗaukar hula. Maiɗakina tana tsaye da ƙullin ɗumamen tuwo a hannu.

"Malam, na mutum uku ne," ta ce. "Ku dawo kafin azahar."

Muka tarar da Baffa yana jan wani reshen marke shi kaɗai, yana tsayawa yana haki. Ashe tun washegarin abin yake sara da adda. Bai tambaye ni inda na shige ba. Ya gaida yayana gaisuwar malamai, ya ce masa ya kama can. Rumfar da muka yi ba ta kai ta farko tsawo ba, ƙarfinmu iya nan ya tsaya. Agwagin sun riga sun tafi, sai 'yan tsiraru. Babu madubi, da idanunmu muka kalla, idanun tsofaffi uku. Yayana ya nuna wani abu ya ce wannan wane tsuntsu ne, Baffa ya ce leda ce. Ranar na fara jin dariyar yayana a cikin shekaru.

Labari ya kai gari cewa malamin Islamiyya ma yana zuwa dam. Wani mai albasa ya biyo mu wata Asabar, ya ce gonarsa kawai zai duba. Ya tsaya a cikinta yana tsinke ciyawa da hannu har muka tashi. Daga baya ya dawo da maƙwabtansa. Ba kowa ya dawo ba, kuma ba kullum ba. Suna zuwa ne a ƙungiya, su yi aiki da sauri su koma, wani lokaci da rakiyar 'yan sa-kai. Shugabansu yakan tsaya nesa da rumfar. Bai taɓa gaida Baffa ba, ko sau ɗaya. Amma ya daina buɗe mini jaka.

Da damina ta yi nisa, hanya ta sake lalacewa, aka yi makonni ba mai fita yamma. A cikin makonnin matar Baffa ta rasu, shi kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi. 'Ya'yansa suka zo da mota suka ɗauke shi. Sun biyo ta ƙofar gidana. Yana kwance a baya kan katifa, ya rame, yana ta yi musu faɗa cewa sace shi suka yi. Ya kama hannuna ya ce, "Likita, aro na ba ka rumfar, ba kyauta ba."

Da kaka ta yi, hanya ta ɗan buɗe, muka je ni da yayana. An sake ƙona rumfar. Wannan karon ko dirka ɗaya ba ta tsira ba, ciyawa ma ta fito a kan tokar. Ba mu san ko su wane ne ba. Na hau kan tudun dam inda waya ke kamawa, na kira lambar ɗan Baffa, aka miƙa wa tsohon.

Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi yayana da maiɗakina da kafaɗata, sannan ya ce, "Baƙi sun iso?"

Na ce sun fara sauka. Ya ce bai yarda ba sai ya ji. Na miƙa wayar wajen ruwa, daidai lokacin da wani garken agwagin kirinjijiya ya taso yana fito. Da na mayar kunne sai na ji numfashinsa kawai.

"Waɗanga 'yan gida ne," ya ce daga baya. "Amma na ji ruwan."

Na gaya masa zancen rumfar. Na ɗauka zai yi shiru, sai na ji tsaki.

"Laifinmu ne da munka yi ta da itace. Ga duwatsu nan birjik yamma da ku."

Haka muka yi. Mai albasa ya ba da amalankensa, muka riƙa ɗauko duwatsu daga gindin tudu, iya inda muke jin za mu iya kaiwa mu dawo. Yayana ya naɗe wando ya shiga kwaɓa ƙasa, ɗalibansa da sun gan shi da ba su gane shi ba. Muka tayar da dakali mai tsawon ƙirji a kan tudun dam, muka yi masa matakala, muka ja katanga a gaba da tagogi ƙanana. Ba mu yi rufi ba, don rufi shi ke cin wuta. In rana ta yi zafi mu tashi.

Ban ce abin ya wuce ba. Akwai Asabar ɗin da ake aiko mana cewa kada kowa ya fita, mu kuma mu zauna a gida, don ba mutuwa muke nema ba. Akwai ƙauyukan da har yanzu ba kowa a cikinsu. Baffa yana can kudu, wata rana da sauƙi wata rana babu, yana ta yi wa 'ya'yansa rigimar a mayar da shi. Amma duk Asabar ɗin da hanya ta buɗe, muna kan dakalin nan ni da yayana, wani lokaci da mai albasa in ya gama ban ruwa. Sau ɗaya mun tarar da sawun babura kewaye da shi, da alamar an ƙona taya a jikin katangar. Ta yi baƙi, ba ta tsage ba. Yayana ya shafa ta da tafin hannu, ya goge a rigarsa, ya hau ya zauna.

"Mai son rushe ta," ya ce, "sai ya zo da diga ya yi gumi kamar yadda muka yi."